Na'urar Zaɓe: Waye Zai Tabbatar Ta Ƙirga Daidai?

Tambaya: Malam, kullum muna tura kuɗi ta waya hankali kwance. Me ya sa da an ambaci kaɗa ƙuri'a da na'ura sai masana su fara ɗari-ɗari? Ai an ce ba a haɗa ta da intanet.

Amsa: Ɗan'uwa, banki ya san wanda ya tura da wanda ya karɓa. In kuɗinka suka yi ɓatan dabo, akwai shaida, za ka je ka yi ƙorafi. Ita kuwa ƙuri'a sirri ce. Dole na'urar ta manta da kai bayan ka danna. To in ta ba wani ɗan takara ƙuri'arka, ta yaya za ka sani?

Rashin intanet yana rage haɗari, amma bai toshe ƙofa ba. Kafin kowane zaɓe sai an loda wa na'urar sunayen 'yan takara, sau da yawa ta katin ajiya ko daga wata kwamfuta, kuma muguwar manhaja tana iya bin wannan hanya. A 2006 wasu masu fafutuka a Holan suka buɗe na'urar zaɓe ta kamfanin Nedap da ƙasar ke amfani da ita a lokacin, suka sauya mata manhaja, har suka sa ta buga wasan dara na Turawa. Ba a jima ba ƙasar ta koma takarda. A 2009 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke cewa amfani da irin waɗannan na'urori a zaɓen 2005 ya saɓa wa tsarin mulki. Ba wai an kama maguɗi ba ne. Hujjarta ita ce dole talaka ya iya bin diddigin ƙirge ba tare da ilimin kwamfuta ba. Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Ba ina cewa na'ura ba ta da amfani ba. Makaho zai iya zaɓe da abin sauraro ba tare da wani ya leƙa masa ba, kuma Brazil tana amfani da ita a duk faɗin ƙasar tun 2000. Sai dai in ta lalace a rumfa, layi ya yi tsawo, mai aikin yini ya haƙura ya tafi, an tauye masa haƙƙi ko da ba wanda ya yi kutse.

Indiya ta haɗa wa tata ƙaramar firinta: takarda ta fito bayan gilashi, mai zaɓe ya ga zaɓinsa na daƙiƙa bakwai, sannan ta faɗa akwati a rufe. Amma takardar ba ta da amfani sai an ɗauki wasu rumfuna ba zato, an ƙirga da hannu a gaban wakilan jam'iyyu, an gwada da abin da na'urar ta faɗa.