Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Littattafan Gado, Izinin Wa Ake Nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ɗalibai ne a Zariya, muna son ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Ajami da Larabci na wani gidan malamai, mu ɗora a intanet don amfanin jama'a. Babban gidan ya yarda da baki. Wannan ya wadatar? (Wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Littattafan gidan malamai galibi gado ne da ba a raba ba, wanda mabuɗin adaka ke hannunsa amana ce kawai aka ba shi. Ku roƙe shi ya tara magada, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, domin su ma suna da haƙƙi, kuma su ake yawan mantawa da su.

Yarda kuma ba guda ɗaya ba ce. Ta ɗaukar hoto daban, ta ɗorawa a intanet daban, ta bugawa a sayar daban, haka ma ta bai wa masu horar da ƙirƙirarriyar basira. A rubuta kowace da Hausa, boko ko Ajami, a karanta a bainar magada, shaidu biyu su sa hannu. Ku faɗa musu gaskiya ƙarara: abin da ya hau intanet, ko an sauke shi, wani ya riga ya kwafa.

Inda aikin ya fi ɓaci shi ne tantancewa. A gafaka ɗaya za ka tarar da waƙar wa'azi da littafin fiƙihu, tare da kundin asirai da hatimai, da wasiƙun gida, da takardun bashi ko rigimar gona, wani lokaci har da sunayen bayi waɗanda jikokinsu na nan a unguwar. Wa'azi da fiƙihu don yaɗawa aka rubuta su. Kundi kuwa malami kan ba almajiri ne da izini, hannu da hannu. Watsa shi cin amana ne ko da hoton ya yi kyau. Saboda haka a zauna da malamin gidan, ganye bayan ganye, a kasa kashi uku: na kowa, na mai neman izini, da wanda kyamara ba za ta gani ba. Hukuncin nasu ne, ba naku ba.

Wajen ɗauka, kada a danne takarda a na'urar sikana, tsohuwar takarda karyewa take. A kafa kyamara a sama, ban da filasha, a ajiye hoton a tsarin TIFF (nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci), aƙalla ɗigo 300 a kowane inci. Ganyayyakin ba a ɗinke suke ba, don haka a lura da kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ke nuna farkon na gaba. Kada a rubuta lamba da biro a jikinsu. A yi kwafi uku, ɗaya na gidan ne, a haɗa musu da bugaggen kwafi tunda ba kowa ke da kwamfuta ba. Sunan mawallafi da na mai kwafa da na gidan su bi kowane hoto, sai dai in gidan ya nemi a sakaya shi.

Tambaya: Wata cibiya daga waje ta nemi aron ainihin littattafanmu ta ɗauki hotonsu a can. Mu bayar? (Wata uwargida, Sakkwato)

Amsa: Kada ku bayar, Hajiya. Dokar hukumar kula da gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba. Ko shirin ceto tsofaffin takardu na babban ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce asali ya zauna a ƙasarsa, a bar kwafi a wata cibiya ta gida. Su zo da kyamararsu zaurenku. Kafin ku sa hannu, ku nemi shawarar ma'aikatan cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke nan Sakkwato, ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna.