Bindigar dala dubu shida a Houston, da yaya mai jira a Katsina

Wani ɗan uwa ya rubuto mini daga Houston a jihar Texas. Shekara uku ke nan da samun koren katinsa, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, saura biyu ya nemi zama ɗan ƙasa. Wani dillali da suka haɗu a wurin gwanjon motoci ya ce masa akwai tsohuwar bindiga M16 mai sarrafa kanta, irin wadda masu tara tsofaffin makamai ke rububi, zai bar masa a dala 6,000, "takarda kuma sai daga baya". Labari ya kai kunnen yayansa a Katsina, shi kuma ya ce in ta samu a cusa ta cikin motar da za a turo, tunda 'yan bindiga sun hana ƙauyensu barci. Ɗan uwan yana tambaya: ya saya ko ya bari? In ya ƙi, bai yi wa gida butulci ba?

Malam, kada ka saya. Farashin da aka yanka maka shi ne ya tona asirin mai kayan.

Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, shi ya sa ka kusa faɗawa. Farar hula na iya mallakar bindiga mai sarrafa kanta a Amurka, Texas kuma na cikin jihohin da suka yarda, saɓanin irin su New York. Amma tun 1934 dokar tarayya ta wajabta yi wa irin wannan makami rajista tare da harajin dala 200. A 1986 kuma majalisa ta rufe littafin: wadda ba a yi wa rajista ba kafin 19 ga Mayu na wannan shekarar, farar hula ba zai taɓa mallakarta ba. Shekara kusan arba'in ke nan ba a ƙara ko guda ba, waɗanda ke nan su ne ke yawo daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa M16 mai rajista takan haura dala 30,000. Wanda ke da kayan dubu talatin, me zai sa ya tare ka a bakin gwanjo ya bar maka a dubu shida? Arha ba ta ado, in ji masu magana.

Batun "takarda sai daga baya" kuwa, nan ramin yake. A cinikin halal, za ka cika fom na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka, ka ba da hoto da zanen yatsu, a bincike ka, bindigar kuma tana hannun mai sayarwa har sai izini ya fito. Babu wata ƙofa da ake bi a yi wa marar rajista rajista yau. Ranar da ta kwana a gidanka, ranar ka aikata laifin da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara goma. Ɗan ƙasa in ya gama zaman kaso gida zai koma. Kai kuwa, dokar shige da fice ta sa laifin makami cikin abubuwan da ake korar mai koren kati a kansu. Daga ƙofar gidan yari sai hannun jami'an shige da fice, daga nan sai jirgi.

Na ga irin wannan da idona. Wani yaro mai hankali, direban babbar mota, ya sayi wani ɗan ƙarfe da bai kai kan babban yatsa ba, wanda ake liƙa wa ƙaramar bindiga ta riƙa ɓarin wuta. Wanda ya sayar masa ya ce abin wasa ne. A idon doka, wannan ɗan ƙarfen shi kansa bindiga ce mai sarrafa kanta. Na zauna da matarsa a falonsu, takardar neman zama ɗan ƙasa tana kan tebur an cika rabi, ga goyo a bayanta, tana tambayata ko lauya zai karɓi kuɗinsa kashi-kashi. Dillalin kuwa lambarsa ta daina shiga tun a makon farko. Ka kuma sani, ba kowane mai tallar irin wannan kaya ne ɗan kasuwa ba. Wani jami'i ne a farin kaya yana jiran ka miƙa kuɗi.

Sai batun yayanka. Ban raina tsoronsa ba. Wanda ya kwana yana kasa kunne ko zai ji ƙarar babura, ba a yi masa wa'azi daga ɗaki mai sanyi. Amma abin da ya nema a wurinka bai dace ba, girmansa kuma bai mayar da shi daidai ba. Fitar da makami daga Amurka ba lasisi laifi ne mai zaman kansa. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin haramtattu, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Sunan wa ke kan takardar kwantenar? Naka. In kwastam suka buɗe ta a Legas, shi ma wanda ya je karɓa da shi za a tafi, kuma a yanayin da ake ciki ba mai tsayawa ya bambance mai kare gida da mai yi wa ɓarayin daji safara. Gida zai rasa mai noma da mai aiko da kuɗi a rana ɗaya. Wasu 'yan uwanmu sun ɗauka duk wanda ya ƙetare teku ya fi ƙarfin doka. Su faɗi buƙata, kai ka san yadda za ka yi. Ƙin wannan ba yanke zumunci ba ne.

Ka kira shi da kanka, kada ka tura saƙon murya. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Yaya, wannan ba zan iya ba, zai kai mu gidan yari ni da kai." Sannan ka ɗora da abin da za ka iya. Dala 6,000 ɗin nan ta isa a kama haya a cikin gari, a ɗauko tsofaffi da mata da yara, a kuma saka abinci. Zai yi fushi, wataƙila har ya kai ƙararka wurin Inna. Ka riga shi kiranta.

In kuma ka riga ka ba dillalin kafin alƙalami, kada ka je karɓar kaya, kada ka bi shi neman kuɗinka, kada kuma ka goge saƙonninku. Ka nemi lauyan da ya san laifuka da shige da fice duka biyun, ka nuna masa wayar kafin ka yi magana da kowa.