Allurar nan ba ta masu zuwa Japan kaɗai ba ce

Ƙanwata salamu alaikum, na ji voice ɗinki tun shekaranjiya wallahi hidimar gida ce ta hana ni zama in amsa miki. Allah shi sanya alheri ga karatun da Abban yara ya samu, Allah shi sa a tahi lahiya a dawo lahiya. Kin ce Sarawak za ku, wajen Kuching, da ɗiya biyu, babbar shekara huɗu ƙaramin wata takwas, kuma wani ya ce muku akwai wata allura wai ta ciwon ƙwaƙwalwa na Japan, shi Abban nasu ya ce ku da za ku Maleshiya mi ya haɗa ku da Japan, yalo kad ɗinku ya isa. To ki ba shi wayar ya karanta da kanshi, don ni ma haka na ce sadda munka zo.

Sunan ne ke ruɗin mutane. A Japan anka fara gane cutar tun 1871 shi ya sa ta ci sunan, amma yanzu ƙasashe 24 ne na Asiya da yammacin tekun Fasifik ke cikin haɗarinta, Indiya, Nefal, Bangaladash, Sin, Biyetnam, Tailan, Indonusiya, da nan Maleshiya inda muke, har Ostireliya cutar ta ɓarke a 2022. Sauro ke kawo ta, amma ba irin na maleriya ba, wani ne da ake ce ma Culex, shina son ruwan da ke kwance cikin gonar shinkafa. Ƙwayar cutar tana zama jikin aladu da tsuntsayen bakin ruwa irin su zalɓe da balbela, sauro ya cije su ya zo ya ciji mutum. Mutum bai ɗauka ga mutum, ko da kwano ɗaya kuke ci.

Akwai ranar da munka je Sekinchan yawon buɗe ido da yara, garin noman shinkafa ne a jihar Selangor, wallahi ina sauka mota na ce wannan ai Kwalkwalawa ce da damina, kore shar har iyakar gani ga balbelu fari fat suna bin gona, har warin laka iri ɗaya, ni kau na saki jiki na cire ma yara takalmi suna guje-guje bisa kunya har anka kusa magariba, sai wata 'yar ƙasar da muke tare ta ce in kwashe su mu shiga mota yanzu-yanzu sauro ya fito. Na yi dariya na ce mu 'yan Sakkwato wane sauro ne ba mu gani ba. Ta ce an yi musu allurar JE, wato ta wannan ciwon ƙwaƙwalwa na Japan? Ranar na fara jin sunan, kuma satin bai ƙare ba na kai su kilinik.

Ba wai ina son in tsorata ki ba, yawancin waɗanda sauron ya sa ma cutar ba su ma sanin sun kamu, ko ɗan zazzaɓi ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamar mutum 1 cikin 250 ne take kayarwa sosai. Matsalar ita ce wanda ta kayar, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sandare, yaro ya fara jijjiga ya fita hayyacinshi, wanda duk ya ga sanƙarau a gida zai ce shi ne, to ba shi ba ne, kuma allurar sanƙarau da anka yi musu ba ta taɓa wannan. Cikin waɗanda ta kai ga ƙwaƙwalwa har kashi 30 cikin ɗari na iya rasuwa, waɗanda sunka tashi kuma da yawa ana barin su da shanyewar jiki ko farfaɗiya ko magana ta ƙi fita. Babu maganinta, asibiti sai dai su taimaka ma numfashi su tsai da jijjiga su jira ikon Allah. Kuma yara ta fi kamawa.

Da a tsakiyar Kuala Lumpur za ku zauna hawa na goma sha, sati biyu ku koma, da sai in ce ku tambayi likita ƙila ya ce ba dole ba. Amma ku shekaru za ku yi, kuma Sarawak, inda ita gwamnatin Maleshiya da kanta ta sa wagga allura cikin jerin rigakafin yaran jihar, wata 9 da wata 21. Masu ƙasa na yi ma nasu ɗiya, mu baƙi mi muke jira?

A gida ba ta cikin alluran da ake yi ranar awo, don cutar ba tamu ba ce, kar ki je shan magani na unguwa ki ce an hana ki. Ki je asibitin koyarwa ki ga likitan yara da katin rigakafinsu a hannu, ki hwaɗa mishi inda za ku da tsawon zaman, in akwai inda za a samu kafin tahiya shi zai nuna muku, in babu to kuna sauka ku yi ta nan, mu haka munka yi a kilinik na kuɗi. Iri biyu na sani. Akwai Ixiaro, ana yi tun daga wata biyu, sau biyu ce da kwana 28 tsakani, kuma ana son ta biyun ta samu sati guda kafin a shiga wurin, kin ga kenan sati biyar za ki ƙirga baya daga ranar jirgi, ba ranar da ake ɗaure Ghana-must-go za a tuna ba. Akwai Imojev, ita anka yi ma nawa, daga wata tara, guda ɗaya sai a ƙara ma yaro wata bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Ita wannan ƙwayar cikinta mai rai ce da anka raunana, ba a yi ma mai ciki, to in kina zargin wani abu ki hwaɗa ma likita kar kunya ta hana ki.

Ga ƙaramin naki akwai lissafi. Wata tara za a yi mishi ta ƙyanda da ta shawara, su ma masu rai ne, ƙa'ida ko a yi su rana ɗaya ko a bar sati huɗu tsakani, don haka ki rubuta ranar da anka yi kar ki ce za ki riƙe da ka. Yalo kad kuma gaskiyar Abbansu ne dole ne, mai fitowa daga Najeriya ana bukatarshi, kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, amma na shawara ne kawai.

Ki taho da gidan sauronki mai magani, sai dai wanga sauro tun faɗuwar rana yake fara cizo sadda yara ke waje, sai doguwar riga da wando da man shafawa na korar sauro. Sauron zazzaɓin dengi kuma da rana yake nashi, wannan labarin wani zama ne. In kin samu wuri cikin kaya ki saƙa min daddawa da kuka, ki naɗe su leda uku don Allah, na bara duk kayan mai kawowa sun ɗau wari har yau tana min gori.