Canza of-am da bawul a amfilifayar hedifon: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: masu sauraron kiɗa da hedifon da ke son buɗe amfilifayarsu, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, su canza mata wani abu don sauti ya ƙara daɗi. Wasu aisin nan, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki mai ƙafa takwas da ake kira of-am, suke son canzawa, wasu kuma bawul ɗin gilashi mai ja idan ya ɗau zafi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Amfilifayata tana da NE5532 guda ɗaya a kan soket. An ce mini in cire shi in sa LM4562 ko OPA627, sauti zai buɗe. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. OPA627 dai cire shi daga lissafi tukuna. NE5532 amfilifaya biyu ne a cikin gida ɗaya, ɗaya na kunnen dama ɗaya na hagu, kuma wuta tana shigarsa ta ƙafa ta 8 da ta 4. OPA627 kuwa guda ɗaya ne tal, wutarsa ta ƙafa ta 7 da ta 4 take shiga, sauti ya fita ta 6. Zai zauna daram a soket ɗin domin girmansu ɗaya, amma da ka kunna ka jawo wa kanka asara. Sai da guda biyu da ɗan allon haɗi da aka yi don wannan aikin.

LM4562 tagwaye ne kamar naka, ƙafafunsu sun dace. Duk da haka ka duba abu biyu. Na farko ƙarfin wutar da na'urarka ke ba aisin: NE5532 yana jure har bolt 22 a kowane ɓangaren wutarsa, na fositif da na negetif, shi kuwa LM4562 an tsara shi ya yi aiki ne zuwa 17. Idan taka 15 take bayarwa, lafiya lau. Idan 18 ce, ka bar LM4562. Na biyu sauri. LM4562 ya ninka NE5532 sauri sau biyar da ɗoriya, kuma aisi mai sauri idan ya hau allon da ba a tsara dominsa ba yakan kama kaɗawa shi kaɗai a muryar da kunne ba ya ji. Alamarta ita ce aisin ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kansa ba, ko ka ji wani kaifi ya shiga sautin. Abin takaici, wannan kaifin ne mutane da yawa suke ɗauka buɗewar sauti ce, alhali ciwo ne.

Ra'ayina a fili: NE5532 ba abin raini ba ne. Kamfanin Signetics ya fito da shi tun ƙarshen shekarun 1970, kuma ya cika teburan haɗa sauti na situdiyo, ta yadda da yawan waƙoƙin da kake ji sun riga sun ratsa ta cikin irinsa kafin su iso gare ka. Of-am yana aiki ne da dabarar mayar da wani kaso na abin da ya fitar zuwa mashigarsa don ya gyara kuskurensa, shi ya sa nagartattu biyu a da'ira mai kyau kan fito kusan iri ɗaya. Idan sha'awar gwaji ce, sayi LM4562 daga dillalin kayan lantarki da aka sani, domin jabu sun yi yawa, ana goge sunan aisi mai arha a buga masa babban suna. Idan kuma wani aibi kake ji a sautin, da wuya aisin ne tushensa.

In za ka canza, kashe wuta, ka lura da ɗan tsagin da ke gefe ɗaya na aisin, sabon ma ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta. Na taɓa sa ɗaya a juye cikin gaggawa. Daƙiƙa kaɗan ya ɗauka, sai ƙauri, na taɓa bayansa ya ƙona ni. Bayan ka sa, kada ka fara da hedifonka mai daraja. Ɗora mitar auna wuta a mafitar sautin ba tare da kiɗa ba, ka auna tsayayyar wutar da ke zubowa, wato irin ta batir da ake kira DC. Milibolt kaɗan, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt, ba komai, amma idan ta haura 20 ka kashe ka mayar da tsohon. Wannan ya fi shafar masu ƙananan amfilifayoyi irin CMoy da aka gina kan OPA2134 ko makamancinsa: idan suka sa NE5532 a gurbinsa, wutar nan takan yi tsalle ta isa ta lalata hedifon.

Tambaya: Amfilifayata tana amfani da bawul 12AU7. Na samu akwatin tsofaffin bawul na mahaifina, akwai 12AX7 da 6DJ8, duk ƙafa tara ne kuma suna shiga ramin. Zan iya gwadawa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a abin da kika samu, amma shiga rami ba shi ne dacewa ba. 6DJ8 kada ki kusantar da shi. Zaren da ke ɗumama shi bolt 6.3 yake so tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5, shi kuwa 12AU7 a waɗannan ƙafafun 12.6 yake karɓa, ko kuma a ba shi 6.3 ta hanyar ƙafa ta 9, wadda a 6DJ8 wani aikin daban take yi. Ko dai zaren ya ƙone, ko bawul ɗin ya ƙi kamawa. Sai fa idan na'urar tana da maɓallin zaɓar irin bawul, kamar yadda wasu ke da shi.

12AX7 ɗan gida ɗaya ne da naki, jerin ƙafafunsu ɗaya, ɗumamarsu ɗaya, don haka ba a cika samun ƙonewa ba. Sai dai yana ninka sauti har sau 100, naki kuwa bai wuce 20 ba, kuma ba ya iya tura wuta da ƙarfi kamar naki. Abin da za ki samu shi ne ƙara da wuri, shuuu a bayan kiɗa, da murya mai dakushewa. Ki nemi masu suna ɗaya da naki: a Turai ECC82 ake ce masa, akwai kuma 5814A da 6189 waɗanda aka yi wa sojoji da masana'antu. Ki sake duba akwatin da kyau, mai yiwuwa suna ciki. Ki kalli saman kowane gilashi: tabon nan mai sheƙi kamar madubi alamar lafiya ce, idan ya koma fari kamar alli iska ta shiga, bawul ya mutu.

Ki kashe na'ura, ki zare ta daga bango, ki ba ta mintuna ta huce. Ki kama bawul ɗin ki ja sama a hankali kina ɗan karkaɗa shi, kada ki murɗa. Kuma ina roƙonki kada ki buɗe cikin akwatin na'urar. Yawancin amfilifayoyin bawul suna aiki da bolt ɗari biyu ko fiye, kuma kafasitocinsu, wato sassan da ke tara wuta, kan riƙe wutar bayan an kashe.

Tambaya: Tsofaffin bawul na Mullard da Telefunken da ba a taɓa amfani da su ba, sun cancanci tsadarsu?

Amsa: Malam, a nan bambancin ya fi na of-am fitowa, domin da'irar bawul sau da yawa ba ta da gyaran kai mai yawa, halin kowane bawul yakan bayyana. Waɗanda Mullard ya yi a Blackburn ta Ingila da na Telefunken a Jamus an yi su ne lokacin da rediyo da talabijin da kayan soja duk suka dogara da bawul, ingancinsu ba tatsuniya ba ce. Matsalar ita ce kasuwar. Ana sake buga tambari a kan bawul na gama-gari, ana sayar da wanda ya gaji a ce sabo ne. Telefunken na asali yana da ɗan zanen lu'ulu'u da aka narka cikin gilashin tsakanin ƙafafunsa, wannan ya fi fenti wuyar kwaikwaya. Ka kuma sani sabon bawul mai sunan Mullard ko Tung-Sol a yau a Saratov ta Rasha ake yin sa. Sunan aka saya.

Ni shawarata ka fara da sabon bawul na kamfanin JJ na Silobakiya ko Electro-Harmonix, ka zauna da shi wata guda. In har za ka sayi tsoho, sai daga wanda ya gwada shi a na'urar gwaji, ya rubuta maka sakamakon ɓangarorinsa biyu (irin wannan bawul tagwaye ne a cikin gilashi ɗaya), ya kuma yarda ka dawo da shi. Idan ka sa, ɗan ƙwanƙwasa jikin amfilifayar da farce. Ka ji ƙarar ta amsa a kunnenka kamar ƙararrawa, mayar masa da kayansa.

Tambaya: Na canza, na ji bambanci sarai, abokina ya ce zuciyata ce kawai.

Amsa: Kowannenku na iya zama da gaskiya. Kunne yakan fifita wanda ya ɗan fi ƙara, ko da ratar ba ta kai desibel ɗaya ba, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Saka sauti mai murya ɗaya, ka auna mafita da mita, ka daidaita su biyun. Sannan abokin naka ya riƙa canzawa ba tare da ka gani ba, sau goma, kana rubuta wanda kake zato. Ka ci tara, bambancin gaskiya ne.

Tambaya: Amfilifayata mai bawul 6AS7G ce marar taransifomar fita. Da hedifon mai om 32 ƙasan sautin ya yi kumburi. Wane bawul zai gyara?

Amsa: Babu, ɗan'uwa, kada ka kashe kuɗinka. Irin wannan na'ura tirjiyar mafitarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, kan kai gomman om (om shi ne ma'aunin tirjiya), alhali abin da ake so kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na tirjiyar hedifon, wato om 4 ga naka. An yi ta ne don irin Sennheiser HD 600 mai om 300 ko Beyerdynamic mai 250 da 600. Ko ka nemo mata irin waɗannan, ko ka samar wa hedifon ɗinka amfilifaya mai taransista.