Me ya sa zafi ba ya narkar da tantanin bakteriyar ruwan zafi?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa tantanin da ke lulluɓe ƙwayar bakteriya maiƙo ne. To yaya masu zama a maɓuɓɓugar ruwan zafi ba sa narkewa?

Amsa: Ɗalibi, ɓarnar tana farawa tun kafin a kai ga narkewa. Tantanin nan rufi biyu ne na maiƙo, kaurinsa kimanin nanomita 5 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da zafi ya ƙaru, wutsiyoyin maiƙon, wato dogayen sarƙoƙinsa na kabon, sai su yi ta motsi, kafofi su buɗe, furoton (ƙwayar haidirojin mai cajin lantarki, ba furotin ba) ya riƙa yoyo zuwa ciki. Ita kuwa ƙwayar, da furoton ɗin da ta tara a waje take haɗa ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashinta. Idan yoyon ya yi yawa sai ƙarfinta ya ƙare alhali tantanin bai yage ba.

Maganin shi ne a matse wutsiyoyin. Dubi kitsen rago da man gyaɗa: kitsen yana daskarewa saboda sarƙoƙinsa na kabon a miƙe suke, suna manne da juna, na man gyaɗa kuwa a lanƙwashe. Bakteriyar Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock da Hudson Freeze suka bayyana a 1969 daga gandun Yellowstone na Amurka, ta fi jin daɗi a digiri 70 na ma'aunin Celsius. Sarƙoƙinta masu kabon 15 da 17 ne, kusan babu lanƙwasa, sai ɗan reshe kusa da ƙarshe da ke hana su sandarewa. In an ƙara mata zafi, takan yawaita masu kabon 17, ta ƙara maiƙo mai kan sukari. Thermotoga maritima, mai son digiri 80, ta ƙara dabara: tana da sarƙa mai kabon 30 da ke ratsa tantanin daga wannan fuska zuwa waccan, ta ɗinke rufin biyu.

Arkiya, wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya waɗanda ba bakteriya ba ne ko da yake ana yawan haɗa su, su ne gwanaye. Wajen ɗaure wutsiyar maiƙo da kansa, haɗin sinadari da ake kira eta suke amfani da shi maimakon esta da aka saba gani a bakteriya, kuma ruwan zafi da asid ba sa tsinka shi da sauƙi. Ɗaya daga cikinsu, Sulfolobus acidocaldarius, tana yin rufi ɗaya tak da sarƙoƙi masu kabon 40, tana ƙara zobba a jikinsu gwargwadon ƙaruwar zafi. Amma kada a ɗora wa maiƙo komai: Methanopyrus kandleri da ta hayayyafa a digiri 122 galibin maiƙonta na rufi biyu ne, don haka furotin da gishirin cikin ƙwaya ma suna da nasu aikin.

Hattara biyu a ɗakin gwaji. In ka ajiye waɗannan masu son zafi a digiri 37 ba za su girma ba, domin tantanin kan yi tauri, furotin ɗin da ke shigo da abinci su kasa motsi. Sannan dafa samfur da sinadarin alkali esta kawai yake tsinkawa. Ga maiƙon eta sai an sa asid mai ƙarfi irin HI (asid na haidirojin da aidin), in ba haka ba sakamakon zai nuna kamar babu shi.