Tsohuwar Marsandi ko Jif ta Zamani?

Tambaya: Malam, ina da halin sayen mota ɗaya tak, kuma zuciyata ta rabu tsakanin Mercedes-Benz 280CE mai ƙofa biyu ƙirar 1980 da Toyota RAV4 ta shekarun nan. Abokaina suna cewa ƙarfen zamanin da ya fi na yanzu ƙwari, saboda haka tsohuwar ta fi kare rai. Ina da mata da yara uku. Wacce ta dace da ni?

Amsa: Malam, maganar abokanka ita ce abin da ya kamata mu fara warwarewa, domin kaurin ƙarfe ba shi ne ke tsare ran fasinja ba. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin karon motoci, ta gwabza Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba, sai mazaunin direban tsohuwar ya rufta ciki, na sabuwar kuwa ya tsaya kusan yadda yake. Dalili shi ne motar zamani an ƙera gabanta ne don ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo, yayin da ɗakin fasinja ke zama da ƙarfinsa.

Sai dai a yi wa 280CE adalci, ba ta cikin sahun waccan Bel Air ɗin, tunda Marsandi ta fara amfani da wannan dabara tun 1959. Giɓinta yana wani wajen. Birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, da jakar iska ta direba duk sai a farkon shekarun 1980 suka shigo wannan ƙirar, kuma ga wanda ya biya ƙari kawai. Ba ta da na'urar da ke hana mota zamewa a kwana, wadda ta fara fitowa a 1995. Sannan kyan nan nata da ke jan ido idan an sauke gilasai duka, wato rashin ginshiƙi tsakanin tagar gaba da ta baya, ba ya taimakon wanda aka buga daga gefe.

Ita ma jif irin RAV4 tana da nata rauni, domin tsayinta yana ɗaga nauyinta sama, abin da ke sa ta fi saurin kifewa idan aka murɗa sitiyari da gaggawa, kuma waccan na'urar hana zamewa ce ke rufa mata asiri. A tuƙi kuwa, a ganina, injin 280CE mai silinda shida da lita 2.8, wanda ke tura tayoyin baya, yana da daɗin da RAV4 ba za ta ba ka ba.

Abin da ke cinye aljihun mai tsohuwar mota shi ne tsatsa, musamman a ƙarƙashin bodi da bakin tayoyi, sai robobin da suka bushe, sai kuma neman makaniken da ya san tsarin fesa mai na K-Jetronic. Kusan dubu ɗari kawai aka ƙera masu ƙofa biyu daga 1977 zuwa 1985, don haka gilasanta da ƙofofinta suna wuyar samu.

Da yara uku a kujerar baya da ake shiga ta hanyar kwantar da ta gaba, shawarata ita ce ka ɗauki RAV4. Idan Allah ya hore maka ta biyu nan gaba, ka nemi 280CE, amma ka sa a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta kafin ka kalli fentinta.