Amsar murya: aikin direba wajen saita motar tsere

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya yi tambaya ɗazu, wai tunda motar Formula 1 cike take da na'urori masu tura bayanai zuwa kwamfuta, me kuma ya rage wa direba wajen saiti? To, ka saurara.

Kwamfuta za ta nuna cewa ya sassauta totur a kwana ta shida, amma dalilin sassautawar, wannan a jikinsa yake. Shi ya sa in ya dawo gareji ya ce "motar ba daɗi", bai faɗi komai ba. Abin da injiniya ke jira shi ne ya raba masa kwanar gida uku: shiga, tsakiya, fita. Sannan ya ce kwana mai gudu ce ko mai tafiyar hawainiya.

Misali, ya murɗa sitiyari hancin mota ya yi gardama, tana neman wucewa miƙe. In a kwana mai gudu ne, matsalar iska ce, sai a ƙara wa fiffiken gaba kusurwa. In kuwa a kwana mai sannu ne, fiffike ba zai tsinana abin kirki ba, domin iskar ba ta da ƙarfi a nan, sai dai a sassauta sifirin ko sandar hana karkata ta gaba. Ka ga ciwo ɗaya, magani biyu. In ya yi kuskuren faɗin wurin, an ɓata rabin zama a banza, alhali gwajin da ake yi kafin tsere sau uku ne kacal, minti 60 kowanne, a makon gajeren tsere ma sau ɗaya.

In baya ne ke zamewa lokacin birki, wannan ma ba sai ya shigo ba, daga sitiyari yake tura rabon birkin gaba kaɗan. In ya zarce kuma tayar gaba ta kulle, ta cinye waje ɗaya, motar ta kama kakkarwa.

Kuma ƙa'ida, abu ɗaya ake canzawa a fita ɗaya. Ka taɓa uku, ba ka san wanda ya yi aiki ba.

Sai dai fa ba duk abin da direba ke so ake ba shi ba. Kwantar da mota ƙasa yana ƙara riƙo, amma katakon ƙarƙashinta kaurinsa milimita 10 ne, kuma a dokar 2023 ba a yarda ya ci fiye da 1 ba. Abin da ya sa aka soke sakamakon direbobi Hamilton da Leclerc a Ostin ta Amurka a 2023 ke nan.

Batun haɓaka mota kuwa, sabon fiffike ko sabon ƙasan mota yakan bi ta na'urar kwaikwayo a masana'anta tukuna, inda wasu direbobi ke kwana suna gwada saiti, da safe a aika wa na filin. Haɗarin shi ne a riƙa bin ɗanɗanon mutum ɗaya. Misali, direba Verstappen yana son hanci mai kaifi, baya na rawa bai dame shi ba, abokan aikinsa da dama kuwa sun sha wuya da irin wannan motar.